Darasi na Tara: Gane Sankarar Jini Idan Ta Fara Shiga Ƙwaƙwalwa da Laka

Sankarar jini ciwo ne da ke farawa a cikin ɓargo ko a cikin kaluluwa, inda fararen ƙwayoyin jini suke hayayyafa babu tsari. Akwai wadda likitoci ke kira lukimiya, wadda ke zuwa da ƙarancin jini, zazzaɓi mai yawan dawowa, haɓo da zubar jini daga dasashi. Akwai kuma limfoma, kuma wani nau'inta da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a shekarar 1958 yana kama yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yakan kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin makonni kaɗan.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya suna kwance ne cikin wani ruwa garai-garai, kuma Allah ya yi musu katanga da ke hana abubuwa da yawa na cikin jini isa gare su. Wannan katangar ce kuma take tare yawancin maganin da ake bayarwa ta jijiya, saboda haka ƙwayoyin cutar kan samu mafaka a can su yi lamo, alhali gwajin jini yana nuna an samu sauƙi. Kafin likitoci su gano haka, fiye da rabin yaran da aka yi wa maganin lukimiya mai saurin tsananta, ta nan ciwon ya dawo musu.

Alamomin da mai jinya zai sa wa ido

Ciwon kai da ya ƙi tafiya, musamman da asuba tare da amai, shi ne na farko. Sai gani biyu-biyu, ko ido ɗaya ya karkace, ko fatar ido ta sauko, ko baki ya karkace har ruwa ya riƙa zuba ta gefe ɗaya idan ana sha. Wani majinyacin zai ce haɓarsa ko leɓensa na ƙasa ya sage, ba ya jin taɓi, kuma bai kamata a raina wannan maganar ba. Idan yaron da ke tafiya da ƙafafunsa ya fara jan ƙafa, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana kufce masa, wataƙila ƙari ne ya danne laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya sa ƙafafun su shanye. Jijjiga da yawan barci da rikicewar hankali su ma suna ciki.

A ƙauyukanmu an fi danganta karkacewar baki da iska, a tafi neman turare. Wanda yake so ya yi addu'a da rubutu ya yi, amma a ranar a kama hanyar asibiti, domin sanƙarau da zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa ma suna kawo irin waɗannan alamomi, kuma ido ba ya bambance su.

Gwajin ruwan baya

Da yawa daga cikin masu wannan matsala ba sa nuna wata alama da farko, shi ya sa likita yakan nemi ɗibar ruwan baya, wato ruwan nan da ƙwaƙwalwa da laka ke kwance a ciki, ko da majinyaci bai yi kuka da kansa ba. Ana fara duba ƙwayoyin da ke tsayar da jini, sannan a kwantar da shi a gefe ɗaya, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a wanke wurin, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Ruwan yana ɗigowa cikin ƙaramar kwalba, a kai shi ɗakin gwaji a duba ko akwai ƙwayoyin cutar. Sau da yawa ta allurar nan ake zuba maganin methotrexate domin ya kai inda na jijiya bai kai ba.

Iyaye da dama suna ƙin sa hannu, don sun ji an ce ɗibar ruwan baya na nakasa mutum. Laka tana ƙarewa ne sama da inda ake soka allurar, jiki kuma yana mayar da ruwan da aka ɗiba cikin sa'o'i. Abin da aka fi samu bayan gwajin shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki, yayin da ƙin gwajin ke barin cutar ta ci gaba a ɓoye.

Asibitin ƙauye ba ya yin wannan aiki, don haka a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A tafi da katin majinyaci da sakamakon gwaje-gwajen baya, a kuma faɗa wa likita ranar da kowace alama ta fara.