Kafin ku ɗaura kariya a rufin Wrangler

'Yan'uwa mazauna Kanada da Amurka masu Jeep Wrangler, ga shawara kan kariya, wato mazaunin kaya na saman mota da za ku ɗora allunan zamiya a kai, kafin lokacin zamiya kan ƙanƙara. Rufin nan da ake cirewa faiba ne, ba ƙarfe ba, don haka kariya mai maganaɗisu ba za ta kama ba, kada ku ɓata kuɗinku. Ku nemi wadda ake matsewa a kwatar ruwan gefen rufi, ku ɗaura ta a ɓangaren baya, saboda allunan gaba na rufin su riƙa fita ba wahala. Huda rufi kuwa, ni ban goyi baya ba: faiba na tsagewa, ga yoyo. Allunan zamiya ba nauyi gare su ba, don haka kariyar da ake matsewa ta isa. Bayan tafiya kan gargada ku sake ɗaure notuna, kuma ku auna tsayin mota kafin shiga gareji.