Yaro ma yana shiga damuwa: kurakuran da muke yi a gida da makaranta

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Gusau, akwai yarinya 'yar aji uku da ba ta taɓa buɗe baki a gabana ba. Ko kiran suna ake yi, hannu kawai take ɗagawa. Na ɗauka raini ne, na zane ta ba sau ɗaya ba. Ranar da na je gidansu kai ƙara, tun daga zaure na jiyo ta tana zuba wa ƙannenta surutu kamar aku. Tana ganina ta ƙame. Sai daga baya na san cewa likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan lalura: wata irin fargaba ce da ke ɗaure harshen yaro a waje ta sake shi a gida. Bulalar da na yi mata ƙara ɗaure harshen ta yi.

"Wanga yaro mi ya sani da damuwa, shi da bai cefane?" Haka dattawanmu kan ce, kuma daga nan ɓatan ke farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, fargaba da ciwon damuwa suna kan gaba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan lalurori suna farawa kafin shekara 14, rabi kuma kafin shekara 18. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya. Balle Zamfara, inda yaro ya taɓa gudu cikin dare ba takalmi, ko ya ji labarin ɗaliban Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021 daga bakin yayarsa.

Muna jira yaro ya ce "ina cikin damuwa". Ba zai faɗa ba, ba shi da kalmar. Jikinsa ne ke faɗa: ciwon ciki da safiyar Litinin wanda ke ɓacewa ranar Asabar, ciwon kai, faɗuwar gaba, firgita cikin barci, fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Sai a yi ta zarya kemis, yau maganin maleriya gobe na taifot, ba gwaji. Ciwon damuwa kuwa a yaro sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da saurin fushi yake zuwa, da ƙin wasan da ya fi so, da barin tuwo a kwano, da faɗuwa jarrabawa ga wanda ya saba zuwa na ɗaya. Idan haka ta kai mako biyu kusan kullum, ta wuce miskilanci. Sai dai kada a tsallake gwajin jiki. Ƙarancin jini, sikila da farfaɗiya duk suna canza halin yaro, kuma wanda ya tashi kusa da inda ake niƙan dutsen zinariya a yankin Anka ko Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, a gaya wa likita hakan, don dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da ɗabi'a.

Duka da gori ba sai na tsawaita ba, na riga na ba da labarin kaina. A tara yaran unguwa su yi wa mai fitsarin kwance waƙar tsokana, ko a ce wa matsoraci "namiji da kai", abin da yake koya kawai shi ne ɓoyewa. Akwai kuma sabon dodo da ya shigo bakin iyaye: "In ba ka yi shiru ba 'yan bindiga za su zo su ɗauke ka." Tsohon dodon ba a taɓa ganinsa ba. Wannan kuwa yaro ya san akwai shi.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda tausayi ke jawowa. Yaro ya ƙanƙame zanin uwarsa a ƙofar makaranta yana kuka, ta ce to a bar shi yau. Nan take ya samu sauƙi, sai ƙwaƙwalwarsa ta riƙe cewa gudun ne ya cece shi. Gobe kukan ya fi na yau, kafin wata guda jaka ta yi ƙura. Haka yaron da ke tambaya sau goma a dare, "Inna, ba abin da zai same ki ko?" Kowace amsa tana kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, sannan ta ƙara masa ƙishirwar tambaya. A amsa sau ɗaya da gaskiya, in ya sake a ce, "Na ga kana jin tsoro, kuma na san za ka iya jurewa."

Gyaran shi ne a hau abin tsoron kamar tsani. Yau a raka shi bakin makaranta bayan an tashi, a tsaya har gabansa ya rage faɗuwa, a dawo. Gobe a shiga aji babu kowa. Bayan kwana biyu ya zauna darasi ɗaya uwarsa tana ƙarƙashin bishiya inda zai hango ta, sannan darasi biyu ta koma bakin ƙofa, sannan rabin yini ba ita. Ba a wuce mataki sai wanda ake kai ya yi sauƙi, kuma a yaba masa kan ƙoƙarin ko da da hawaye ya yi. Abu biyu ke rushe wannan aiki: sulalewa a gudu ba sallama, da alkawarin ƙarya. In kin ce za ki dawo da azahar, ki dawo da azahar. Malamin aji ma sai an saka shi ciki, in ba haka ba dorina ɗaya ta mayar da aikin wata guda baya. A lura kuma, tsanin na tsoron da ya wuce kima ne. Idan hanyar makarantar da gaske ba lafiya, tsoron yaro hankali ne.

Sai maganar iskoki. Yarinya ta ji zuciyarta na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, hannuwa suka yi sanyi, ta ce mutuwa za ta yi, sai a ce gamo ta yi. Farmakin fargaba haka yake, yana kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci ya sauka da kansa. A zaunar da ita, a kori 'yan kallo, a yi ta sauke numfashi a hankali tare da ita. Ban ce a bar addu'a da tofi ba, yaron da ya kwanta da azkar da hannun mahaifinsa a kansa ya samu natsuwa ta gaske. Kuskuren shi ne a tsaya nan shekara guda, ko a kai shi inda za a ɗaure shi da mari, a dake shi da sunan dukan aljani. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, asibiti yana cikin neman maganin.

Wasu sun je asibitin, suka dawo suna mita: "Ko allura ba su yi mishi ba, surutu kawai." Surutun shi ne maganin farko. Sunansa maganin gyaran tunani da ɗabi'a, akan yi zama sau ɗaya a mako, galibi zama 12 zuwa 16. Yaro yana koyon kama tunanin da ke tsorata shi ya auna shi, a gina masa tsanin nan, a ba shi aikin gida, iyaye ma a koya musu nasu rabon. Mai ciwon damuwa ana mayar da shi harkokinsa kaɗan-kaɗan, ƙwallon yamma, islamiyya, raka baba kasuwa, tun kafin sha'awar ta dawo, don daga baya take biyowa. A yi zama biyu kacal a ce ba a ga canji ba, rashin haƙuri ne.

Ƙwaya tana da wurinta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ba a bai wa ɗan ƙasa da shekara 12 maganin ciwon damuwa, matashi kuma, in ana bukatar ƙwaya, wani magani mai suna fuloksetin ake fara ba shi a hannun ƙwararre. Yakan ɗauki makonni kafin ya yi aiki, a makonnin farko a sa ido sosai don wasu kan ƙara rikicewa har su yi tunanin cutar da kansu, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Sayo Valium a kemis don yaro ya yi barci kuwa, sabo ake ƙulla masa.

Yaron da ya ga hari ko aka sako shi daga daji, kada a ce masa "manta kawai", kada kuma a sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya zo jaje. A bar ƙofa a buɗe ya faɗa lokacin da ya so, a mayar masa da lokacin ci da na barci. Idan mugun mafarki da zabura sun wuce wata guda, a nemi ƙwararre. Wanda ya ce "gara in mutu", a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta saka masa ra'ayin. A kawar da fiya-fiya, maganin feshin gona da na ɓera, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

A fara da asibitin da ya fi kusa, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Kafin tafiya a sami ƙaramin littafi a rubuta na mako biyu: ranar da abin ya taso, me ya faru kafin nan, barcinsa, cinsa, da duk maganin da ya sha har na gargajiya. A tafi da wanda ya fi zama da yaron, ko da kakarsa ce, a kuma bar likita ya gana da shi shi kaɗai na ɗan lokaci.