Yadda za ka jawo wayar caji daga batirin babur ka ɗaure ta ba tare da ta jawo maka gobara ba

Salam 'yan uwa masu babur. Wannan maganar na daɗe ina son in yi ta, tun ranar da na ga hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin kujerar roba-robar ƙanina a zauren gidanmu a Gwammaja, babur a ajiye, makulli ma yana aljihunsa yana can yana alwala. Da muka ɓalle kujerar sai ga jar waya ta narke ta manne da ƙarfen bodi, wari duk ya cika zauren, ga tankin mai nan bai kai taku ɗaya daga wajen ba. Wani mai gyaran waya ne ya ja masa ita don ya riƙa yi wa batirin babur caji a gida, bai sa fis ba, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, kuma ya bi da ita ta inda kujera ke danne ta duk sanda aka zauna. Allah ne kawai Ya tsare, don a zauren nan akwai tabarmi da katifar almajirin da ke kwana a wajen.

Abin da nake so kowa ya fara riƙewa shi ne, wayar da ka ɗaura kai tsaye a kan batir kullum da wuta a jikinta. Kashe makulli bai shafe ta ba, dare da rana tana nan a raye. Batirin babur ƙarami ne, volt 12 ne, ba zai ja ka ba in ka taɓa, amma in jar waya ta goge ta taɓa bodi wutar da zai tura a daƙiƙa ɗaya ta isa ta mai da wayar jawur kamar garwashi. Shi ya sa duk aikin nan ba a haɗawar yake ba, haɗawa minti biyar ne, aikin yana wajen fis da kuma hanyar da za ka bi da wayar.

Toh me ya sa ma mutum zai sa wannan waya? Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 yawancin baburan da ke cikin gari na hawan kai ne, daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida, wani tafiyar tasa ba ta wuce daga Kurna zuwa Kwari ba, kuma rabinta a cikin gosulo injin na sulo. Irin wannan tafiya ba ta mayar wa batir abin da sitata ta kwasa. Wani kuma ya yi tafiya wata biyu ko uku babur na ajiye, ga zafin Kano na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, kuma zafi na sa batir ya riƙa zubar da cajinsa da sauri ko ba a taɓa shi ba. Batirin da aka bari ya daɗe ba caji farantan cikinsa kan yi wani farin gishiri, daga nan ko an caja shi ba ya ƙara riƙewa kamar da. In kana da wannan 'yar wayar a leƙe a gefe, an kawo wuta sai ka jona cajar batir kawai, ba sai ka nemo sukundireba ka kwance kwaba ka ciro batir ka kai wajen mai caji ba.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Ita wayar ana samun ta a haɗe, kai ɗaya zobba biyu ne da ke shiga kusar batir, ɗaya kan kuma soket ne mai baki biyu da murfin roba, wanda ake kira SAE, sannan a jikin jar akwai ɗan gidan fis. Ka duba wajen masu kayan wuta da na sola a Sabon Gari, ko masu sifiya a Ƙofar Ruwa. In ba ka samu haɗaɗɗiya ba a haɗa maka, amma a sa waya mai kauri, milimita 1 zuwa 1.5, ta tagulla ta gaske, ka kankare bakinta da wuƙa ka gani, in ta koma fari to goran ruwa ce aka yi wa fenti, ka ajiye musu kayansu. Fis kuma waɗanda ke zuwa a haɗe yawanci mai lamba 7.5 ne, in cajarka ƙarama ce mai 5 ma ya wadatar. Sai kebul tai, 'yan robobin nan na ɗaure waya, kamar guda goma, baƙaƙe sun fi farare jure rana, da salatif na wuta, da ɗan tiyo na roba da wayar za ta shiga ciki, da spana mai lamba 10 ko 8 gwargwadon kusar batirinka, da sukundireba mai sita, da ɗan basilin. In da mitar auna volt a kusa ka aro ta.

Kafin ka taɓa batir ka fara zaɓar inda bakin soket zai fito. Wannan shi ne inda mutane ke gaggawa, su ɗaura zobba tukunna sannan su fara neman inda za su cusa ragowar wayar. Ka ɗora babur a kan dogon jak, ka kashe, ka zare makulli, ka cire kwabar gefe ko kujera, ka tsaya ka kalli cikin sosai. Ni na fi son soket ya fito a ƙarƙashin gefen kujera ko bayan kwabar gefe, inda hannu zai kai amma ido bai cika gani ba, saboda yaran unguwa in sun ga abu na reto sai sun ja. Kuma ka zaɓi ɓangaren da ba salansa, in kuma ɗaya ɓangaren kaca ce to ka hau da shi can sama nesa da ita. Bakin soket ya kalli ƙasa, don in damina ta sauka ko ka kai wankin babur ruwa ya zube kada ya taru a ciki.

Yanzu ka shimfiɗa wayar a hanyar ba tare da ka ɗaure ba. Hanya mafi aminci ita ce ka bi jikin babbar damin wayoyin da kamfani ya riga ya ja, don su sun riga sun auna inda ba zafi ba gogayya. Abubuwan da za ka guje musu: salansa da kan injin, kaca da sifoket, shokoba da duk wani ƙarfe mai hawa da sauka, sandar birkin baya, kik, da kuma inda robobin ƙarƙashin kujera ke sauka a kan bodi, wanda shi ne ya ci wayar ƙanina. Akwai dabarar da nake yi, sai in shafa ɗan alli a jikin robobin nan in mayar da kujera in zauna in yi tsalle sau biyu, in na ɗaga duk inda alli ya fito a ƙarfe to waya ba za ta bi ta nan ba. Duk inda dole ta haye bakin ƙarfe mai kaifi, ka zura ta cikin tiyon nan tukunna, salatif kaɗai ba ya yi, zafin garin nan narkar da gam ɗinsa yake ya warware ya bar maka danƙo.

Wasu na son su kai soket ɗin gaba wajen kan babur don su riƙa jona cajar wayar hannu. Ba laifi, amma fa nan ne wajen da ya fi cin waya, saboda kai kullum cikin juyawa yake. In za ka yi haka ka bi da ita ta ƙarƙashin tanki tare da sauran wayoyi, ka bar mata rara a wuyan babur, ka juya kai ƙarshen dama ka juya ƙarshen hagu kana kallo, kada ta miƙe tsam kuma kada ta shiga tsakanin ƙarafan da ke tsayar da kai. Kuma ka sani in ka bar cajar USB a jone babur na ajiye tana shan batir a hankali ko ba waya a jikinta, in ka sauka ka zare.

Toh sai haɗawa. Ka fara zare fis daga gidansa ka sa a aljihu. Zobe ko agogon ƙarfe a cire, don Allah kada a raina wannan, zoben azurfa in ya haɗa kan batir da bodi ƙona yatsa yake har ƙashi. Ka fara kwance baƙar waya mai alamar -, ka ture ta gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba, sannan ka kwance ja mai alamar +. Dalili shi ne duk bodin babur a haɗe yake da baƙar, in ka fara da ja spana ya taɓa ƙarfe sai tartsatsi, amma in baƙar ta riga ta fita ko ya taɓa ba abin da zai faru. In kan batirin ya yi wannan farin gari ko kore-kore ka goge shi da sanfefa har ya yi haske.

Akwai wani ɗan noti mai kusurwa huɗu da ke kwance cikin ramin kan batir, shi kusar ke kamawa, kuma da ka ƙara zobe sai kusar ta gaza kai masa, ka yi ta juyawa ba ta kama ba. Ka yanko ɗan guntun kebul tai ka lanƙwasa ka tura ƙarƙashin notin ya ɗaga shi, shikenan za ta kama. Wajen jerawa kuma babbar wayar babur ce za ta fara kwanciya a jikin kan batir, zoben cajar ya hau samanta, saboda ita ce ke ɗaukar wutar sitata, ita ta fi buƙatar ta zauna daram. Ja za ka fara mayarwa, ka mayar da hular robarta, sannan baƙa daga ƙarshe. Ka ɗaure ya kama amma banda ƙarfin tuwo, kan batir darma ne, fashewa yake. Ka shafa ɗan basilin a sama. Gidan fis ya kasance kusa da batir, kamar tsawon tafin hannu, don guntun da ke tsakanin batir da fis shi kam ba mai tsaron sa, gwargwadon gajartarsa gwargwadon kwanciyar hankalinka. In batirinka irin mai ruwa ne da ɗan tiyon numfashi a gefe, ka tabbata ba ka danne shi ko ka tuge shi ba, kuma kada wayar ta bi ta bakinsa, asid na cin ta.

Ɗaurewa kuma duk bayan kamar santimita 10 zuwa 15 ka sa kebul tai ɗaya, ka ja har wayar ta daina zamewa, kada ka ja har ya nutse cikin robarta. Kada ka ɗaure ta a jikin tiyon mai ko wayar totur ko ta kuloci, waɗannan motsi suke kuma ba a son a matse su. Ragowar tsawon ka naɗe shi ka ɗaure waje ɗaya. Na ƙarshen ka sa shi kamar yatsa huɗu kafin soket, yadda in ka ja wajen zarewa ƙarfin zai tsaya a kan tai ɗin ba a kan batir ba. Jelar tai ɗin a yanke ta daidai wuya da reza, wadda aka yanke a karkace yanka hannu take kamar wuƙa, bakanikenka zai gode maka.

Sai ka mayar da fis ka auna da mita a bakin soket. Lafiyayyen batir da ya huta zai nuna 12.6 zuwa 12.8, in ya sauka ƙasa da 12.4 yana son caji, in ka tada injin ka ɗan ba shi wuta ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba to matsalarka ba ta caja ba ce, a duba koyil da ratifaya, su ne ke yi wa batir caji in injin na aiki. Ka kuma lura da wannan sosai: a soket ɗin da ke ɓangaren batir, ja shi ne bakin da ke lulluɓe cikin roba, tsinken da ke tsirara shi ne baƙi, an yi haka ne don ko ya taɓa bodi ba komai. Wayoyin da ke zuwa da kayan sola sau da yawa a juye suke, kamanni ɗaya amma ja da baƙi sun yi musanya, don haka kada ka yarda da kala, ka auna. In ka sa jan tsinken mita a lulluɓaɓɓen bakin ta nuna alamar - a gaban lamba to a juye ka ɗora wayar.

Ita cajar kanta a samu daidai batirin. Yawancin baburanmu, su Jincheng da Haojue da Lifan da Boxer, batirinsu bai wuce 5Ah zuwa 7Ah ba (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), kuma ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma, wato mai 7Ah yana son kamar 0.7 amp na wajen awa goma. Cajar batirin mota dafa shi za ta yi ya kumbura. Ka nemi mai yanke kanta in ya cika. Masu jona farantin sola kai tsaye kuma su sani wanda aka rubuta wa volt 12 a tsakar rana yana haura 18, sai da kwantirola a tsakani. In batirin lithium ka sa, shi cajarsa daban ce. Ka fara jona soket a babur sannan ka kunna a bango, in za ka cire ka fara kashe bango, kuma a yi cajin inda iska ke shiga, nesa da risho da jarkar fetur, don batir in yana caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Murfin robar nan na soket kada ka yar da shi, ƙurar hunturu in ta shiga ta haɗu da laima sai bakin ya yi tsatsa caji ya daina shiga, in ya ɓata ka yanko yatsan tsohon safar hannu ta roba ka rufe da shi. Bayan sati ɗaya da hawa, musamman in kana bin hanya mai gargada, ka sake ɗaga kujera ka bi wayar da yatsa daga batir har soket, inda ka ji ta yi laushi ko ka ga robarta ta yi sheƙi to nan tana goguwa, ka matsar da ita ka ƙara tiyo. Ka taɓa kusoshin batir ɗin ma, girgiza na sassauta su. Daga nan duk sanda za ka yi juyen baƙin mai ka haɗa da duba ta, kuma ka liƙa fis ɗaya na ajiya a cikin kwaba da salatif, in wancan ya tsinke ka nemo dalili tukunna sannan ka sa sabo mai lamba iri ɗaya, banda naɗa masa zaren waya ko takardar sigari.