Yadda ake haɗa kantar ajiye macizai a gida

Kantar macizai jerin allunan katako ce da ake zura robobi a tsakaninsu kamar durowa. Robar ba ta da murfi, allon da ke samanta shi ne murfinta. Saboda haka duk aikin ya rataya ne a kan 'yar tazarar da ke tsakanin bakin roba da allo.

Ka fara sayen robobin kafin ka yanka ko da katako ɗaya, su kasance iri guda daga kamfani guda, domin da su za ka yi awo. Mesa mai dunƙulewa, wadda ake kira ball python da Turanci, idan ta girma tana buƙatar roba mai tsawon kusan santimita 85, faɗi 40, zurfi 15. Jarirai kuwa 'yar ƙaramar roba mai cin lita 6 ta ishe su. Wannan tsari na macizan ƙasa ne marasa dafi. Masu hawan bishiya ba su jin daɗinsa, masu dafi kuma ba na mai koyo ba ne.

Allon melamin, wato allon matsattsen garin katako mai santsin fuska, mai kaurin milimita 18 ya fi samuwa, sai dai yana da nauyi, kuma idan ruwa ya shiga ta inda aka yanka sai ya kumbura. A rufe bakin yankan da tef ɗinsa ko a shafe shi da silikon. Allon PVC mai kaurin milimita 12 ya fi shi, ga sauƙin ɗauka, ga shi ruwa ba ya cin sa. Ka guji katakon itacen sida (cedar) da ɗanyen katakon itacen fayin (pine), man da ke jikinsu yana cutar da numfashin maciji.

Kanta mai robobi biyar tana cin alluna shida na kwance, biyu na gefe, da ɗaya na baya. Daga ƙasa ake tasowa. Ka ɗaura allon ƙasa, ka ɗora roba, ka aza faifan CD biyu a kan kowace kusurwar bakinta, sannan ka kwantar da allo na gaba a kai ka ɗaure shi da sukuru masu tsawon milimita 50. Faifan biyu suna ba da tazarar da ba ta kai milimita 3 ba. In ta fi haka, ƙaramin maciji zai cusa kai ya fice, ko ya maƙale ya ji rauni. In ta gaza, robar za ta riƙa cijewa. Kada ka dogara da awon tef kaɗai, robobi kan ɗan bambanta. A fara huda ramin sukuru da ƙaramin bakin diril, in ba haka ba melamin yana tsagewa. Allon baya ma a ɗaure shi da kowane allo na kwance, shi ke hana su lotsawa a tsakiya.

Sai ɗumi. Ana shimfiɗa tef ɗin ɗumama na lantarki a kan kowane allo ta ɓangaren baya, ya rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan roba kawai, don maciji ya samu gefen ɗumi da gefen sanyi ya zaɓa. A yanka shi a kan layin da aka yi masa alama, a rufe bakin jan ƙarfen da tef ɗin wuta, kuma kada wani sashe ya hau kan wani. Ja da turawar roba kullum yana goge shi, don haka a lulluɓe shi da tef ɗin alminiyam, ko a fafe allon kaɗan ya kwanta a ciki.

Ba a jona tef ɗin ɗumama kai tsaye da soket. Dole ya bi ta na'urar daidaita zafi, a manna bakin awonta a kan tef ɗin, a wurin da roba ba za ta ture shi ba. Idan ya zame, na'urar za ta ɗauka akwai sanyi, ta yi ta ba da wuta har cikin macijin ya ƙone ko robar ta narke. Ga mesa mai dunƙulewa, ƙasan roba a gefen ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 31 da 33 na Selsiyos, gefen sanyi wajen 26.

A huda ramukan iska a jikin roba da ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, daga ciki zuwa waje don kada kaifi ya koma ciki. Fara da kaɗan. Idan raɓa ta taru a bango, a ƙara. Idan saɓa tana fita guntu-guntu, iska ta yi yawa, a toshe wasu ta waje. Tef mai danƙo kuwa kada ya taɓa shiga cikin roba, yana kama fatar maciji ya yage ta.

Kafin a sa maciji, a kunna kantar babu kowa na kwana biyu, a auna kowace roba safe da dare. Na sama sukan fi na ƙasa zafi, saboda haka a auna su duka.