Kafin ka jefar da TV ko dikoda, fara duba kafasita

In TV ɗinka ta fara wannan halin na ka kunna jar fitila tayi ta ƙyaftawa, ko kaji tana ƙas ƙas ƙas sai bayan minti biyar ko goma ta tashi, kuma kullum lokacin ƙaruwa yake, toh sau da yawa matsalar bata wuce kafasita ba, wadda wasu ke kira kwandensa. Ina nufin masu kama da ƙaramin gwangwani ɗin nan da ke tsaye a kan fanel ɗin fawa. A cikinsu akwai takarda mai jiƙe da ruwan sinadari an naɗe ta da fallen alminiyam, zafi ne ke busar da ruwan nan a hankali har ta daina aiki. Masu ƙera su sunce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu, kaga kenan mu da muke shan zafin Afrilu da Mayu ga TV an manna ta da bango babu iska, dole namu su riga na wasu mutuwa.

Akwai ma lokacin da abin ya zama annoba, daga wajen 1999 zuwa 2007 wasu kamfanoni a Taiwan sunyi ta fitar da kafasitoci da gurɓataccen haɗin sinadari, suna tara iska a ciki suna kumbura, kwamfutoci da yawa suka mutu. Wanda ke da tsohuwar desktop ta wancan zamanin ya buɗe ya gani.

Abu na farko, kuma don Allah kar a tsallake shi, cire filogi daga soket. Cirewar ma bata isa ba, domin babbar kafasitar da ke kusa da inda wuta ke shigowa, wadda zaka ga an rubuta 400V ko 450V a jikinta, tana riƙe sama da volt 300 ko bayan an kashe kayan. Ka auna ta da mita a kan DC tukuna. In akwai caji ka sauke shi da rizisto ko da ƙwan lantarki irin na da mai zare. Masu haɗa ƙafafun da sukundireba kai tsaye tayi tau, wlh ganganci ne, yana cinye layin fanel kuma tartsatsi na iya shiga ido.

Sai ka duba da ido. Lafiyayya samanta a shafe yake, akwai tsaga kamar X ko K da aka yi mata don ta fashe ta nan in iska tayi yawa. In kaga saman ya taso ko kaɗan ne, ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai ko a gindinta, ta tashi aiki. Amma ka bambance da gam ɗin da kamfani ke sawa don riƙe manyan, shi ma yana yin duhu in ya tsufa, mutane na ɗauka yoyo ne.

Inda ake shan wahala shine waɗanda suka mutu basu nuna ba. Akwai wata 'yar ƙarama kusa da IC ɗin fawa, wato ɗan baƙin cif ɗin nan mai ƙafafu da yawa, galibi 10µF zuwa 47µF mai 50V (µF shine ma'aunin yawan cajin da take iya ɗauka), ita bata cika kumbura ba, bushewa kawai take, kuma ita ce ke hana kayan tashi in ya huce. Mita ta yau da kullum zata iya nuna maka lambarta daidai alhali ta lalace, mitar ESR, wato mai auna yadda cikin kafasitar ke tauye wuta, ita ce ke tona asirinta, duk mai son wannan sana'a da gaske ya daure ya saya. In baka da ita, ka hura wa wajen iska mai ɗumi da diraya ta busar da gashi na minti ɗaya sannan ka kunna, in ya tashi nan take ka gano unguwar da matsalar take. Ni dai in na buɗe fanel na ga biyu sun kumbura, duk 'yan layin nake canzawa har da ƙaramar, tunda zafi ɗaya suka sha.

Wajen saye, lambar µF ta zama iri ɗaya. Volt kuma daidai ko sama, 25V zata zauna a gurbin 16V in akwai wuri, amma kar ka sauko ƙasa. Ka nemi mai 105°C, ka bar mai 85°C, kuma a fanel ɗin fawa masu ƙarancin ESR ake so, irin na Panasonic, Nichicon ko Rubycon. Sai dai jabu sun cika kasuwa, in kaji arha tayi yawa ko ka ɗaga kaji ba nauyi ka ajiye musu kayansu.

Kafin ka cire tsohuwar ɗauki hoto da waya, saboda tana da kai da gindi. Ratsin da ke gefenta shine negetif, a sabuwa kuma doguwar ƙafa ce fozitif, in ka juya ta zata iya fashewa in ka kunna. Ka ɗan ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar don ta narke da wuri, ka ɗumama ƙafa ɗaya ka karkata, ka koma ɗayar, banda fizga da ƙarfi. Share ramin, zura sabuwar ta zauna daram, liƙa, yanke rarar ƙafa, ka duba kar dalma ta haɗe layi biyu.

Gwajin farko ka jera ƙwan lantarki irin na da mai zare, mai wat 60 ko 100, a layin wutar, yadda sai wuta ta ratsa ta cikinsa kafin ta isa kayan. In yayi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai akwai shot a wani wurin, kashe ka duba diyod da transisto kafin ka sake kunnawa.