Yadda mai aikin hasumiya zai riƙe lissafin awanninsa

Ƙannena da kuka gama kwas a kwalejin jiragen sama ta Zariya aka turo ku filin Lawanti nan Gombe, ko filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum a Bauchi, abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni a hasumiyar kula da tashi da saukar jirage shi ne ya sayi ƙaramin littafi tun kafin ya karɓi albashin farko.

A ciki za ka riƙa rubuta lokacin da ka karɓi aiki da lokacin da ka miƙa shi, kullum, da hannunka. Ka rubuta da agogo biyu. Rajistar hasumiya da agogon GMT take tafiya, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya, don haka aikin da ka karɓa da sha biyu da rabi na dare a agogon gida, a rajista jiya ne. Na sha ganin an yi musu a kan kwana guda saboda wannan awar kawai. Idan an riƙe ka bayan lokacin tashi, ka rubuta dalili: jirgin maniyyata bai tashi ba sai asuba, ko hazo ya jinkirta jirgin Abuja, ko mai karɓarka bai iso ba. Ka nemi shugaban aikin ranar ya sa hannu kafin ka sauko daga bene. Gobe ya manta, kai ma ka manta.

Ƙarshen wata ka ɗauko abu uku ka jera: littafinka, jadawalin aiki da takardar albashi. Ka bi layi-layi, ka ware albashin tushe daga alawus, ka san sunan kowane alawus da dalilin biyansa.

Nan ne zuciya takan ɓaci, idan ka ji abokin karatunka da ke Kano ko Legas ya fi ka ɗauka. Kafin ka yi fushi, ka tambaye shi matakinsa, shekarunsa a aiki, da irin izinin da ke cikin lasisinsa. Izinin hasumiya daban, na tarbar jirgi mai shirin sauka daban, na kula da sararin yanki da na'urar rada, irin wanda ake yi a cibiyoyin Kano da Legas, shi ma daban. Ko a Amurka albashin wannan aiki yana bin yawan jiragen da tasha ke ɗauka. Amma idan komai naku ɗaya ne, kuɗin ne kawai suka bambanta, to ka rubuta takarda zuwa ofishin albashi ta hannun shugabanka, ka ajiye kwafi, ka kuma sanar da wakilin NATCA, ƙungiyarmu ta masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ƙorafin baki a ɗakin hutu ba ya dawo da ko sisi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, aikin ƙarin lokaci yakan yi yawa, kuma saurayi mai shirin aure ko mai ginin gida yana ganinsa kamar rabo ne ya zo. Na fahimta, don ni ma na bi ta nan. A wani fili da na taɓa aiki, na amince na riƙe wa wani aikin safe bayan na kwana a kujera. Wajen ƙarfe goma na karanta wa matuƙi lambar nauyin iska ba daidai ba. Da ya maimaita mini ita, Allah ya sa kunnena ya kama, na gyara. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi, domin da wannan lambar yake saita tsayinsa daga ƙasa, ga shi ranar hazo ya rufe ko'ina.

Ku tuna da daren 1 ga Yulin 2002, da jirage biyu suka yi karo a samaniyar kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, da yawansu yara ne 'yan makaranta daga Rasha. Mutum ɗaya ne a cibiyar Zurich ta ƙasar Switzerland, mai kula da wannan samaniyar, yake riƙe da kujerun aiki biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa.

Saboda haka kafin ka ce to, ka buɗe littafinka ka ƙirga awa nawa ka huta tun miƙa aikin ƙarshe, da kwana nawa ka yi a jere. Ka nemi ƙa'idar hutu da hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama ta ƙasa ta amince da ita, ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da "ai haka ake yi." Idan lissafin bai kai ba, ka ce: "Ranka ya daɗe, hutuna bai cika ba, ga littafina." Ka faɗa da ladabi, kuma ka faɗa da wuri, tun ana da lokacin kiran wani. Idan an bar ka kai kaɗai a inda ya kamata ku zama biyu, ka shigar da shi a rajista, da lokaci da kwanan wata, domin da irin wannan rubutun ake nuna wa na sama cewa tashar tana bukatar ƙarin mutum.

Lokacin jigilar alhazai ya fi kowane lokaci cin jiki, musamman a ƙananan filaye irin namu da ba su saba da jiragen dare ba. Ka nemi jadawalin tun da wuri, ka gaya wa mutanen gida su bar ka ka yi barcin rana, ka kashe waya.