'Yar jakar tsabta da ba na fita sai da ita

Aikina na yawo ne. Nakan fita da sassafe, sau da yawa ba na komawa gida sai rana ta faɗi, kuma tsakanin fita da dawowa hannuna ya taɓa ƙofofi da kuɗi da ƙarfen mota da hannun mutane ba adadi. Wata rana ina tafe da 'yata, lokacin tana shekara huɗu, ta ce tana son zagayawa. Muka shiga banɗakin wani wurin taruwar jama'a. Famfo na zuba, amma mazubin sabulu wayam, tishu kuma ko ɓarɓashi babu. Muna fitowa ta ce yunwa take ji, ta miƙo hannu. Na tsaya ina kallon hannun nan, raina bai kwanta ba. A daren na zauna na haɗa 'yar jakar da har yau ba ta barin jikina.

Ta farko da na haɗa ta yi girma. Na cusa mata duk abin da na ga zai iya amfani, ta yi nauyi, bayan sati biyu na fara barinta a gida. To, jakar da aka bari a gida ba ta wanke hannun kowa. Wadda nake amfani da ita yanzu tsawonta bai wuce tafin hannuna da yatsu ba, tana da zif, cikinta na roba ne da ruwa ba ya ratsawa, ana iya goge shi da tsumma. In ka samu wadda ake hango abin da ke ciki daga waje, ita ta fi, domin ba sai ka zazzage komai a gaban mutane ba kafin ka ga abin da kake nema.

Sabulu ne farkon shiga. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne dalilin jakar gaba ɗaya. A 1847 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis, da ke aiki a babban asibitin birnin Biyana, ya lura cewa likitoci na fitowa daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu haihuwa, mata kuma suna ta mutuwa da zazzaɓi. Ya tilasta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mai jego. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen kashi 2 a watan Yuni. Hannu ne kawai aka wanke. Duk lokacin da na ji ƙyuyar neman famfo, labarin nan nake tunawa.

Sai dai ɗaukar sabulu na da dabara. Kada ka jefa ƙwaya guda cikin jaka bayan ka yi amfani da ita. Na taɓa yin haka, ya narke ya jiƙa takardun aikina. Abin da nake yi yanzu: na sa wuƙa na yanyanka busasshen sabulu siri-siri, kowane yanki kamar girman farce, na zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi. Yanki ɗaya na wanki ɗaya ne, ya ƙare a hannu, babu jiƙaƙƙen da zai koma jaka. Wanda ya fi son na ruwa ya ɗura a kwalbar roba mai cin mililita 30 zuwa 50, mai murfin murɗawa, domin mai murfin dannawa yakan buɗe da kansa idan kaya suka danne shi. Ba sai ka nemi sabulun da aka rubuta wa "mai kashe ƙwayoyin cuta" ba. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a irin wannan sabulun wanke hannu, ciki har da tirikulosan, saboda kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu na yau da kullum amfani. Abin da ke aiki shi ne cuɗawa: aƙalla daƙiƙa 20, tafi da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce. Babban yatsa da kan yatsu su aka fi mantawa.

Inda babu ruwa sam, sanitaiza ce ke rufa asiri. Juya kwalbar ka karanta bayanta: alkohol ɗin da ke ciki ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye, in bai kai ba ka ajiye ta. Idan ka ga an rubuta metanol cikin abubuwan haɗin, ka guje ta, guba ce. A 2020 an janye irinta da yawa daga kasuwa. A zuba wadda za ta jiƙa hannu duka, a yi ta murzawa har ta bushe da kanta, kada a goge da riga. Ina so a san iyakarta kuma. Idan hannu na da maiƙo ko ƙasa da ido ke gani, ba ta yin aiki sosai, sai an fara goge dauɗar. Akwai kuma ƙwayoyin cutar da ba ta iya musu yadda ya kamata, kamar norobairos mai kawo amai da gudawa. Shi ya sa bayan fitowa daga banɗaki, in dai akwai ruwa, sabulu nake ɗaukowa. Sanitaiza tana kama wuta, don haka ban da kusa da murhu ko ashana kafin hannu ya bushe, ban da barinta cikin motar da rana ta gasa, kuma ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kwalbar.

Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe kwasar ƙwayoyin cuta da rarraba su, saboda haka abin gogewa dole ne. Ina ɗaukar ƙaramin ƙunshin tishu da hankici na auduga guda ɗaya da nake canjawa kullum. Hankicin da ya kwana uku a jiƙe cikin jaka, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka bar hannunka ya sha iska ya fi. Akwai kuma jiƙaƙƙen tishu, ƙunshi mai guda 10, marar turare. Roƙona ɗaya game da shi: kada a jefa shi a masai. Yawancinsa akwai zaren roba a ciki, ba ya narkewa kamar tishun banɗaki. A 2017 ma'aikata a birnin Landan sun tarar da dunƙulen kitse da irin wannan tishu ya toshe magudanar ruwa a unguwar Whitechapel, tsawonsa mita 250, nauyinsa wajen tan 130.

To ina za a kai shi in babu kwandon shara? Nan amfanin leda yake. Ina naɗe ƙananan ledoji uku a gefen jakar, biyu na shara, ɗaya mai zif ta kayan da suka jiƙe. Da za a ce in zaɓi doka ɗaya tak a haɗa wannan jaka, ita ce jiƙaƙƙe da busasshe ba sa kwana wuri ɗaya. Danshi ne ke kawo wari da fumfuna, shi ke lalata filasta da auduga.

Na baki: ƙaramin buroshi da ƙaramin man goge haƙori mai fulorayid, ga babban mutum wanda fulorayid ɗinsa ya kai 1350 zuwa 1500 a ma'aunin ppm da ake rubutawa jikin kwalin. Matsalar buroshin tafiya ita ce murfi. Idan ka rufe shi a jiƙe, ka yi wa ƙwayoyin cuta ɗaki mai ɗumi. Ka kakkaɓe shi sosai, ka samu murfi mai huda, da ka isa gida ka fito da shi ya bushe a tsaye. Bayan wata uku zuwa huɗu, ko da zarar gashin ya baje, a canja. Zaren sakace ba ya cin wuri, kuma ya fi tsinke tausaya wa dasashi.

Warin jiki kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Zufa ita kanta kusan ba ta da wari. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata ne ke cin ta su saki warin. Saboda haka fesa turare kan zufar da ta riga ta kwanta ƙara wa matsala ƙarfi ne. A fara goge hammata da jiƙaƙƙen tishu, a bari ta bushe, sannan a shafa turaren hammata na murzawa. Wanda ke rage zufar kanta, mai gishirin alminiyam, ya fi aiki idan an shafa shi da dare kan busasshiyar fata, don haka wannan a gida yake zama. Ranar da na san zan daɗe a waje nakan ƙara kamfai ɗaya mai tsabta a cikin leda.

'Yar'uwa, ko da ba lokacinki ba ne, kada jakar ta rasa audugar mata guda biyu, kowace cikin naɗinta. Al'ada takan zo ba sallama, in kuma ba ke ba ce, wata baiwar Allah za ta raɗa miki a kunne wata rana. Sau da dama na miƙa wa wadda ban sani ba, na ga yadda fuskarta ta saki. A riƙa canjawa bayan 'yan awanni ko da ba ta cika ba. Mai amfani da irin wadda ake cusawa ciki kada ta bar ta fiye da awa 8, saboda wata cuta mai haɗari da ƙwayoyin cuta ke jawowa idan ta daɗe. Zazzaɓi mai zafi kwatsam da amai da jiri alama ce ta a cire ta a tafi asibiti nan take.

Sauran tarkacen 'yan kaɗan ne: filasta uku, ƙaramin mataji, abin yankan farce, da basilin a ɗan gwangwani don leɓe da hannun da yawan wanki ya busar. Fatar da ta tsage ƙofa ce ga cuta, shi ya sa ban ɗauki basilin abin ado ba. Sabulu da tishu da auduga ina bayarwa hannu sake. Buroshi da reza da abin yankan farce kuwa ba na ara wa kowa, ko wanda muka fito ciki ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, jinin da ido ma ba ya gani. Nakan ba da haƙuri cikin ladabi, in faɗi dalili, kuma yawanci ana fahimta.

Mai hawa jirgin sama ya tuna cewa tun 2006 yawancin filayen jirgi ba sa barin kwalbar ruwa ko mai da ta wuce mililita 100 a jakar hannu. In ka tsaya kan ƙananan kwalabe tun farko, ba abin da za a karɓe maka. Reza mai tsirara dai a sa ta cikin babban akwati.

Kowane ƙarshen mako nakan zazzage jakar a kan tebur. Na goge cikinta da tsumma da ɗan sabulu, na bar ta a buɗe ta bushe, na ƙara yankan sabulu, na cika kwalba, na duba kwanan watan da ke jikin sanitaiza da man haƙori, na taɓa jiƙaƙƙen tishu in ji ko ya bushe. Minti biyar ne. 'Yata yanzu ta shiga makaranta, tana da tata ƙarama mai yankan sabulu da tishu da hankici, kuma ita ke ɗauko min wuƙa da sabulu idan lokacin yanka ya yi.